Littafin aiki: faɗaɗar sararin samaniya da lissafin Newton, da inda lanƙwasa ke shigowa

6 ga Janairu

An buɗe aikin. Abin da ake so a ƙarshe shi ne ƙaramar manhaja a Python da ɗan littafin jagora da Hausa, yadda ɗalibin shekarar farko a fiziks zai fitar da shekarun sararin samaniya da hannunsa ba tare da ya karanci lissafin Einstein na 1915 ba. Hanyar ba tamu ba ce. Edward Milne da William McCrea ne suka nuna a Ingila a 1934 cewa dokar Newton ta jan nauyi tana kai mutum ga lissafin da Alexander Friedmann ya fitar a Rasha a 1922 ta hanyar Einstein. Tambayar da muka ɗora aikin a kai ita ce: har ina Newton zai raka mu, kuma a wane wuri zai juya?

Ga tushen. A ɗauka abu ya bazu daidai wa daida a ko'ina, da cunkoso ρ, wato kilo nawa ke cikin kowace kubik mita. A zana ƙwallo mai rabin faɗi R, a sa galaksi ɗaya a bakinta. Nauyin da ke ciki M = 4πR³ρ/3. Newton ya tabbatar tun 1687 cewa ɓawon ƙwallo ba ya jan abin da ke cikinsa, don haka duk abin da ke wajen R a manta da shi. Saura ya zama lissafin dutsen da aka jefa sama: v²/2 − GM/R = E, inda v gudun galaksin ne, G lambar jan nauyi ta Newton, E kuma makamashi, wanda ba ya canzawa. A rubuta R = a·x, inda x tambarin galaksin ne da ba ya motsi, a kuma ma'aunin faɗaɗa, wanda a yau ya zama 1. Sai a samu

(ȧ/a)² = 8πGρ/3 − K/a², da K = −2E/x².

Ɗigo a kan a na nufin saurin canjinta da lokaci. Shi ke nan, layi huɗu. Idan E ta gaza sifili dutsen zai dawo, idan ta wuce sifili ya tafi ke nan.

Akwai rami a wannan hujja kuma za mu faɗe shi a fili a littafin. A sarari marar iyaka, jimlar jan da ke kan galaksin ta dogara da tsarin da aka bi wajen tarawa: ka zana ƙwallon daga wata cibiya daban, ka sami amsa daban. Hugo von Seeliger ya nuna wannan matsala a 1895. Abin da ya halatta mana watsi da na waje shi ne sakamakon George Birkhoff na 1923, wanda daga lissafin Einstein yake. Ke nan tun a shafi na farko mun ci bashi.

9 ga Janairu

Kalmomi. Mun ƙi «maganaɗisun ƙasa» duk da shi ne ya fi yawo a bakin mutane, domin ɗalibi zai ɗauka ƙarfe kawai abin yake ja, kuma ƙasa ce kawai ke jan. «Jan nauyi» za mu riƙe. Sarari mai K sifili «shimfiɗaɗɗe» kamar tabarma, mai K sama da sifili «rufaffe» kamar bayan ƙwarya, mai K ƙasa da sifili «buɗaɗɗe» kamar sirdi. Harafin z, ma'aunin miƙewar zangon haske, zai zauna yadda yake, da bayanin cewa 1 + z = 1/a a lokacin da hasken ya baro tushensa.

13 ga Janairu

Gwajin farko ya ce sararin samaniya ya shekara tiriliyan 14. Laifin awo ne. H₀, wato saurin faɗaɗa a yau, 70 kilomita ne a daƙiƙa a kowace megafasek (ma'aunin nisa tsakanin galaksi), amma an raba da tsawon megafasek a mita, 3.0857×10²², ba a mayar da kilomitar mita ba. H₀ ta fito ƙasa da gaskiya sau 1000, cunkoson kan iyaka kuma, wato wanda ke sa K ta zama sifili, da yake da H₀² yake tafiya, ya faɗi sau miliyan.

Bayan gyara: H₀ = 2.2685×10⁻¹⁸ a daƙiƙa, 1/H₀ shekara biliyan 13.97, cunkoson kan iyaka 3H₀²/8πG = 9.20×10⁻²⁷ kilo a kubik mita. Wannan bai wuce ƙwayar haidirojin biyar da rabi ba a cikin akwati mai mita ɗaya kowane gefe.

Don kada a sake, an kori awo daga cikin lissafin gaba ɗaya. Lokaci yanzu ana ƙirga shi da 1/H₀, cunkoso da Ω, wato rabonsa da na kan iyaka. Sai a ƙarshe a ninka da 977.8/H₀ a sami biliyoyin shekaru. Lissafin ya koma ȧ² = Ωm/a + Ωk, inda Ωm na abu mai nauyi ne, Ωk kuma ke tsaya wa K, da Ωk = 1 − Ωm.

20 ga Janairu

Ana farawa daga yau, a = 1, a koma baya har a ta kusa sifili. Lokacin da aka ci shi ne shekarun.

Gwajin da muka san amsarsa shi ne samfurin Einstein da de Sitter na 1932, Ωm = 1, inda a ke tafiya da t^(2/3), shekaru kuma kashi biyu cikin uku na 1/H₀: biliyan 9.31. Hanyar Euler da taki 0.01 ta ba da amsa sama da haka, sannan a taki na ƙarshe ta tsallake sifili ta faɗa ƙasa, saiwar murabba'i ta mayar da «nan», alamar kwamfuta ta «ba lamba ba». Dalilin duka biyun ɗaya ne. Gangaren ȧ yana ƙaruwa ne yayin da ake komawa baya, Euler kuwa da gangaren farkon taki yake aiki, wanda kullum ya gaza. Taki 0.01 kansa shekara miliyan 140 ne, ba abin wasa ba a wurin da a ke ninkuwa cikin ƙasa da haka.

Mun koma solve_ivp na SciPy. A nan ma akwai tarko: idan ba ka faɗa masa ba, iyakokin kuskuren da yake yarda da su, rtol 10⁻³ ne, atol 10⁻⁶. Mu kuma muna tsayawa ne a a = 10⁻⁶, wato kuskuren da ya yarda da shi ya kai girman abin da ake nema. An sa rtol 10⁻¹⁰, atol 10⁻¹⁴, da sharaɗin tsayawa. Ya ba da 9.31.

Ga mai neman shekaru kawai, ya fi sauƙi ya juya abin: t = ∫da/ȧ daga 0 zuwa 1, da quad. Babu taki, babu tsallake. Mun bar hanyoyin biyu don kowace ta tsare ɗaya.

27 ga Janairu

Samfurin rufaffe ya ci mako guda, kuma ya cancanta.

Ωm = 2, Ωk = −1. Amsarsa sananniya ce: a = 1 − cos θ, H₀t = θ − sin θ. Yau tana θ = π/2, wato shekara biliyan 7.97. Faɗaɗa za ta tsaya a a = 2 lokacin da t ta kai biliyan 43.9, komai ya sake haɗuwa a biliyan 87.8.

Manhajar ta hau lafiya har kusa da 2, ta mutu. Abin da ke cikin saiwa, 2/a − 1, yana komawa ƙasa da sifili da zarar taki ya ɗan zarce, ko da a = 2.0001 ne. Gyaran farko shi ne a ce idan ya gaza sifili a ɗauke shi sifili. Sai layin ya kai 2 ya kwanta a nan har abada, sarari ya daskare. Wannan ba kuskuren kwamfuta ba ne. a = 2 da ȧ = 0 halastacciyar amsa ce ga lissafin saiwa, domin lissafin bai san komai game da ƙarfi ba, makamashi kawai ya sani. Dutsen da ya kai ƙololuwa gudunsa sifili ne, amma ba ya tsayawa a iska, saboda jan bai daina ba. Gyara na biyu, a juya alamar saiwa da hannu idan an kusa ƙololuwa, ya yi aiki amma lokacin juyawar ya dogara da yadda aka fassara «kusa», kuma ba mu son lamba irin wannan a manhajar koyarwa.

Maganin shi ne a bar saiwa a koma ga dokar ƙarfi kai tsaye: ä = −Ωm/(2a²), da a = 1, ȧ = 1 a yau. Babu saiwa, ƙololuwa ta wuce ba tare da an lura ba. Lissafin Friedmann ya zama mai gadi: a kowane taki ana ƙirga Q = ȧ² − Ωm/a, wanda dole ya tsaya a kan Ωk. Idan ya gusa fiye da 10⁻⁶ na girman ȧ², manhajar ta tsaya ta yi kuka. An sami 43.9 da 87.8.

A lura cewa Ωk ba ta bayyana a dokar ƙarfin ko kaɗan. Ta shiga ne ta yanayin farawa kawai, ƙarfin jifar.

3 ga Fabrairu

Shekaru da H₀ = 70, babu komai sai abu mai nauyi: sarari fanko, 13.97; Ωm = 0.3, 11.30; Ωm = 1, 9.31; Ωm = 2, 7.97. Duk sun dace da amsar takarda zuwa lamba huɗu.

Duk yadda aka ƙara nauyi shekaru raguwa suke, domin birki ya fi ƙarfi, ke nan a da gudun ya fi na yau nesa. Tsofaffin taurari na dunƙulallun gungu sun haura shekara biliyan 12, saboda haka 9.31 ba ta da wurin zama, 11.30 ma ta gaza. Irin wannan ciwon kai tsoho ne. Lambar H₀ da Edwin Hubble ya bayar a 1929, wajen 500, tana ba da 1/H₀ ƙasa da biliyan 2, alhali duniyar da muke takawa ta kai biliyan 4.5. Wancan laifin awon nisa ne, wanda Walter Baade ya fara warwarewa a 1952. Wannan kuwa laifin samfuri ne.

10 ga Fabrairu

An shigar da Λ, lambar da Einstein ya ƙara a lissafinsa. A harshen Newton ƙarfin turi ne mai ƙaruwa da nisa, Λc²R/3, inda c gudun haske ne, kuma da hannu muka sa shi, babu abin da ke cikin dokar Newton da ya nemi a sa. Dokar ƙarfi ta zama ä = −Ωm/(2a²) + ΩΛ·a, mai gadi kuma Q = ȧ² − Ωm/a − ΩΛ·a².

Da Ωm = 0.3, ΩΛ = 0.7, shekaru 13.47. Birki ya koma totur a inda ä ta zama sifili: a³ = 0.3/1.4, a = 0.598, z = 0.67, shekara biliyan 7.33 bayan farawa. Da lambobin da tauraron ɗan'adam na Planck ya bayar a 2018, H₀ = 67.4 da Ωm = 0.315, manhajar ta ba da 13.80.

Mun gwada samfurin Einstein na 1917, sararin da ba ya motsi, sai awonmu ya watse, tunda H₀ sifili ce kuma da ita muke raba komai. An buɗe masa hanya ta daban da awon lokaci τ = 1/√(4πGρ). Daidaito yana samuwa idan Λc² = 4πGρ. A tura a da kashi ɗaya cikin miliyan zuwa sama, jan ya ragu, turi ya ƙaru, tazarar na ninkuwa da e a kowace τ. Cikin kusan τ goma sha biyu ta kai kashi 10 cikin ɗari. A tura ta ƙasa, ya rushe. Wannan shi ne abin da Arthur Eddington ya nuna a 1930. Idan ρ = 10⁻²⁶, τ shekara biliyan 10.9 ce. Zane ne mai kyau ga aji: ƙwai a kan tsinin tabarya.

17 ga Fabrairu

Nan Newton ya fara ɗingishi.

Haske ma yana da nauyi, Ωr wajen 8.5×10⁻⁵ idan an haɗa da ƙananan ƙwayoyin da ake kira nutirino, kuma cunkosonsa na raguwa da a⁻⁴, ba a⁻³ ba, saboda kowane ƙwayar haske tana rasa makamashi yayin da zangonta ke miƙewa. Mun sa shi a dokar ƙarfi yadda aka sa abu mai nauyi: −Ωr/(2a³). Muka duba zanen ln a da ln t. Gangare 2/3 a tsakiya, 1/2 a farko, daidai yadda littattafai suka ce. Da zanen kaɗai muka duba da mun wuce. Mai gadi ne ya tsayar da mu: Q, da aka ƙara masa −Ωr/a², ya fara gudu tun kafin a ta sauka zuwa 0.01.

Idan aka tara −Ωr/(2a³) ana samun ȧ² = Ωr/(2a²), rabin abin da ya kamata. Gangaren 1/2 bai damu da rabi ba, shi ya sa zanen ya yi shiru. Inda ɓarnar ta fito shi ne lokacin da haske da abu suka yi kunnen doki: daidai shi ne a = 2.8×10⁻⁴, z wajen 3500, namu kuma ya nuna wajen 7000.

Dalili: a lissafin Einstein matsi ma yana ja. ä/a = −(4πG/3)(ρ + 3p/c²). Ga haske p = ρc²/3, jan ya ninka biyu. A wajen Newton matsin da yake daidai a ko'ina ba ya yin komai, bambancin matsi ne kawai ke turi. Kuma hujjar dutse ta 6 ga Janairu ta tsaya ne a kan M ba ta canzawa, ga shi a nan nauyin da ke cikin ƙwallon na raguwa kamar 1/a. An gyara zuwa −Ωr/a³, an rubuta a gefe cewa aro ne. Wannan 3p ɗin shi ne kuma ya bayyana Λ: idan p = −ρc², to ρ + 3p/c² = −2ρ, ja ya koma turi.

Akwai dabarun da ake bi a cusa 3p cikin hujjar Newton. Mun duba, ba za mu sa su ba. Duk sun san amsar tun kafin su tashi.

24 ga Fabrairu

Babin lanƙwasa. Har yau kalmomin «rufaffe» da «buɗaɗɗe» suna ne kawai a manhajar. A wajen Newton sarari na Yuklid ne ko yaya E take: kusurwoyin alwatika 180, kewayen da'ira 2πr. K makamashi ce, ba siffa ba. A duba lissafin 6 ga Janairu, babu c a ko'ina. A wajen Einstein kuwa wannan K ɗin ita ce kc²/R₀², inda R₀ rabin faɗin lanƙwasar sarari ne, k kuma +1, 0 ko −1. Lamba ɗaya, aiki biyu: ita ke faɗin ƙarfin jifa, ita ke faɗin siffar wurin. Friedmann ya yi na +1 a 1922, na −1 a 1924, Howard Robertson da Arthur Walker kuma suka tabbatar a tsakiyar shekarun 1930 cewa waɗannan ukun ne kaɗai siffofin da sarari mai kama ɗaya a ko'ina zai iya ɗauka. Babu hanyar da za a matse wannan haɗin daga Newton. Ba a nan yake ba.

Don ɗalibi ya ji abin a hannu: a kifa ƙwarya, a ɗaura zare daga tsakiyar gindinta zuwa baki, a bi baki rubu'in kewaye, a koma gindi. Idan ƙwaryar rabin ƙwallo ce sosai, kowace kusurwa 90 ce, jimla 270. Rarar da ke kan 180, a radiyan, ita ce faɗin alwatikar a raba da R². A kan duniya R = 6371 kilomita. Alwatikar Kano, Sakkwato da Damagaram tana da faɗin wajen murabba'in kilomita 38,500, rarar kuma 0.05 na digiri kawai. Tafiyar kwana da kwanaki ce a ƙafa, amma lanƙwasar da ƙyar ta nuna. Wannan ne darasin: ƙaramar alwatika ba ta tona komai.

Gargaɗi biyu a littafin. Ƙwarya fata ce mai fuska biyu da muke kallo daga waje, sarari kuwa fuska uku ne kuma ba shi da wajen da za a tsaya. Na biyu, da Λ a ciki «rufaffe» ba ya nufin zai rushe. An gwada Ωm = 0.3, ΩΛ = 0.8: Ωk = −0.1, rufaffe ne, kuma yana faɗaɗa har abada. Tsofaffin littattafai da suka haɗa siffa da makoma suna magana ne kan sarari marar Λ.

3 ga Maris

Lanƙwasa tana shiga lissafi ne idan haske ya yi tafiya. Mataki na farko χ = ∫dz/E(z), da E² = Ωr(1+z)⁴ + Ωm(1+z)³ + Ωk(1+z)² + ΩΛ, a awon c/H₀ = 4283 megafasek. E a nan saurin faɗaɗa ne a awon H₀, ba makamashin dutse ba. Wannan daga tarihin faɗaɗa kawai yake fitowa. Mataki na biyu shi ne mayar da χ zuwa D, nisan da ke faɗin yadda haske ya bazu: D = χ a shimfiɗaɗɗe, sinh(√Ωk·χ)/√Ωk a buɗaɗɗe, sin(√|Ωk|·χ)/√|Ωk| a rufaffe. Nisan haske D(1+z), nisan kusurwa D/(1+z). Wannan mataki na biyu shi ne duk abin da Newton ba shi da shi.

Gwaji da dabarar Wolfgang Mattig ta 1958, Ωm = 0.3 babu Λ, z = 1: ya kamata nisan haske ya zama megafasek 5872. Mun sami 5317, ƙasa da kashi 9.5 cikin ɗari. An juya sin da sinh. Tarkon a alama yake: k = +1 rufaffe ne, amma Ωk mai alamar ƙari buɗaɗɗe ne, domin Ωk = −K/H₀². Wanda ya rubuta «idan Ωk ta fi sifili, sin» tunanin k yake yi. A z = 0.1 bambancin bai kai a gani ba, shi ya sa gwaje-gwajen kusa suka wuce lafiya. An ƙara gwaji a z = 1 da z = 5 ga kowace siffa.

Wani ƙaramin abu: Ωk da aka ƙirga da ragi, 1 − 0.7 − 0.3, ba ta fitowa sifili cif a kwamfuta, ragowa take bari wajen 6×10⁻¹⁷, wani lokaci da alamar ragi. Idan |Ωk| ta gaza 10⁻¹⁰ yanzu ana ɗaukar D = χ.

Nisan haske a z = 1: Einstein da de Sitter 5018, buɗaɗɗe 5872, fanko 6424, mai Λ 6608. Tsakanin na farko da na ƙarshe tazarar dushewa 0.6 ce a ma'aunin hasken taurari. Irin wannan dushewar ce ƙungiyoyin Saul Perlmutter da ta Brian Schmidt da Adam Riess suka gani a fashewar taurari a 1998, abin da ya kai su ga kyautar Nobel ta 2011.

10 ga Maris

Kwatanci da astropy, manhajar Python ta masana taurari. FlatLambdaCDM da H₀ = 70, Ωm = 0.3 ya ba da 13.467, namu 13.462. Shekara miliyan biyar ta ɓata. Ba laifin kowa ba ne: Tcmb0 ɗinsa, zafin hasken da ya rage daga farkon sarari, sifili ne idan ba a faɗa ba, wato babu haske a ciki. Da aka sa 2.725 suka haɗu. Nisan kusurwa ma ya dace, 1652 a z = 1, ƙololuwa kusan 1750 a z wajen 1.6, daga nan ya fara sauka.

Wannan saukar za ta rikita ɗalibai, domin tana faruwa a shimfiɗaɗɗen sarari. Abu mai nisa sosai ya fi girma a ido saboda lokacin da hasken ya baro shi yana kusa da mu. Faɗaɗa ce ta jawo, ba lanƙwasar sarari ba, kuma an ba ta sakin layi nata.

17 ga Maris

Babbar alwatikar da ake da ita. Gindinta shi ne nisan da sauti ya iya ci a cikin zazzafan iskar farko kafin haske ya kuɓuce, shekara wajen 380,000 bayan farawa, z wajen 1090. A awon yau megafasek 144 ne. Tsayinta D wajen 13,870. Rabo 0.0104 radiyan, kusan 0.6 na digiri, kuma Planck ya auna wannan kusurwa da kuskuren da bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba. Tun a 2000 balan-balan na BOOMERanG da aka tayar a Antatika ya nuna cewa siffar na kusa da shimfiɗa.

Gwajin aji: a riƙe χ, a canza siffa kawai. Da H₀ = 67.4, χ = 3.118. Ωk = −0.02 ta ba da sin(0.441)/0.441 = 0.968, kusurwa ta ƙaru da kashi 3.3. Ωk = +0.02 ta rage ta da kusan haka. Sau ɗari ke nan fiye da kuskuren awo.

Amma wannan gwajin yaudara ce idan aka tsaya a nan, kuma mun faɗa. Canza Ωk yana canza E(z), ke nan yana canza χ. Sannan ana iya sauke H₀ a ɗaga Ωm a mayar da kusurwar inda take a sarari rufaffe. Manhajar ta zana wannan layin: jerin samfura daban-daban masu kusurwa ɗaya. Ana karya shi ne da wani awo na kusa, musamman tazarar da wannan sautin ya bari a rabuwar galaksi. Da aka haɗa su, sakamakon 2018 ya ba da Ωk = 0.001 da kuskure 0.002.

A mayar da shi tsawo: R₀ = (c/H₀)/√|Ωk|. Da 0.002, R₀ ya haura tafiyar haske ta shekara biliyan 300, alhali iyakar abin da muke gani wajen biliyan 46 ne. Sifili na cikin kewayon, k = +1 da k = −1 ma suna ciki. A littafin ba za a rubuta «sarari shimfiɗaɗɗe ne» ba. Za a rubuta cewa idan ƙwarya ce, alwatikarmu ta yi mata ƙanƙanta.

24 ga Maris

An ƙara zanen Ωk a kan lokaci, Ωk(1+z)²/E². Idan yau 0.002 ce, a z = 1090 wajen 5×10⁻⁶ take, kuma tana ci gaba da ƙanƙancewa kamar a² idan aka shiga zamanin haske. A harshen dutse, an jefa shi da gudun kuɓuta daidai har zuwa lambobi masu yawa bayan ɗigo. Manhajar na nuna haka, ba ta bayyana dalili, kuma babin ba zai shiga maganar kumburin farko ba, wato ra'ayin cewa sarari ya yi faɗaɗa mai tsananin sauri a farkonsa.

Wannan ya fito da wata matsala. Idan ɗalibi ya fara daga baya ya nufo yau, maimakon daga yau ya koma baya, ƙaramin kuskure a ȧ ta farawa yana zama babbar Ωk ta ƙarya. Farawa a a = 10⁻⁶, ȧ² wajen 8.5×10⁷ ce, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan ɗari a cikinta ya isa ya haifar da Ωk kusan 1. An hana shigar da ȧ da hannu, manhajar ce ke ƙirga ta daga lissafin Friedmann.

Abin da ya rage: a sa wa kowane layin lissafi a littafin alama, N ga wanda ya fito daga Newton, E ga wanda aka aro. Ƙirgar yanzu, aro huɗu ne: watsi da abin da ke wajen ƙwallo, Λ, 3p, da sin da sinh. Ana muhawara ko 1 + z = 1/a na biyar ne, tunda ana iya gina shi daga ƙananan sauyin Doppler tsakanin galaksi maƙwabta, amma sai an yarda cewa kowane mai kallo yana auna gudun haske c a inda yake, wanda Newton bai ce ba. An sa masa E na wucin gadi. Nutirino har yanzu ana ɗaukar su marasa nauyi, abin da ba ya taɓa shekaru a lamba huɗu amma zai taɓa kwatanci da Planck18 na astropy. Gwajin z = 5 na rufaffe da Ωm = 2 yana jiran a duba shi da hannu: a can √|Ωk|·χ ta kusa 0.99, kuma a z marar iyaka za ta tsaya a π/2, don haka sin ba zai juya ba, amma samfuri mai Λ babba zai iya wuce π, kuma manhajar ba ta san abin da za ta yi da D mai alamar ragi ba tukuna.